FILIN HOTO: Kafin Ka Kai Kuɗinka Kantin Kyamara

 A makon jiya mun yi alkawari za mu waiwayi wasiƙun da suka taru, to, ga shi yau mun cika. Daga cikinsu akwai wata da wani malamin makarantar firamare ya aiko mana daga Fatakwal, shi kuwa mutumin Katsina ne, aiki ya kai shi can. Ya ce yau shekara biyu ke nan yana adashi yana tari domin ya sayi kyamarar dijital. Ba sana'a yake so ya yi da ita ba, sha'awa ce kurum, kuma babban gurinsa shi ne in ya je gida da Salla ya ɗauki mahaifinsa wanda tsufa ya cim masa, da sauran dattawan gidansu, sa'an nan ya ɗauki hawan Sarki. Ya ce ya shiga kanti uku, kowane mai kanti da irin abin da ya gaya masa, har ya fito kansa ya ɗaure. Tambayarsa ita ce, wacce zai saya?

Malam, mun gode da wannan tambaya, domin ba kai kaɗai take damu ba. Amma kafin in amsa, bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don ka san dalilin da ya sa ban ɗauki maganarka da wasa ba.

Shekarun baya na sayi wata 'yar kyamara a wani kanti. Kwalinta sai ƙyalli yake yi, an rangaɗa masa manyan lambobi, kuɗinta kuma bai kai rabin na sauran ba. Na yi murna na ce na yi tsintuwa. Na tafi da ita ƙauyenmu wajen wani bikin suna, na tarar da kakata tana kwance a ɗaki, ƙafa ta hana ta fitowa tsakar gida. Aka tashe ta zaune, ta yi ɗauri, ta riƙe jaririn, na ɗauke su hoto ya fi sau goma. A 'yar fuskar kyamarar duk sun yi kyau. Da na dawo birni na kai wurin wanki, sai ga su sun fito dishi-dishi, fuskar tsohuwa kamar an watsa mata rairayi. Na ce ba kome, in na koma na sake. Kafin in koma Allah ya yi mata rasuwa. Kuɗin da na yi asara na daɗe da mantawa da su, amma hoton nan da ban samu ba har yau yana ci mini rai. Araha ba ta ado.

YAWAN ƊIGO BA SHI NE KYAU BA

Abin da ya ruɗe ni ran nan shi ne abin da mai kanti zai fara nuna maka, watau megafiksel. Hoton dijital tarin ƙananan ɗigogi ne, kuma megafiksel ɗaya yana nufin ɗigo miliyan ɗaya. Mai kanti zai ce maka wannan 20 ce, waccan 48, saboda haka waccan ta fi. To, bari mu yi lissafi. Masu wanke hoto suna son ɗigo 300 a kowane inci in ana son hoto ya fito tsaf. Hoton da muka saba sakawa a albam, mai inci 4 da inci 6, ɗigo miliyan biyu da 'yan kai yake bukata. Mai inci 8 da inci 10, wanda ake ratayewa a bango, miliyan bakwai da ɗoriya ya ishe shi. Cikakken shafin takardar ofis ma bai kai miliyan tara ba. Ka ga ke nan duk kyamarar da ta kai megafiksel 16 zuwa 24 ta ishe ka har da ragowa.

Tarihi ma shaida ne. Kyamarar dijital ta farko wani injiniya ne na kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa ta a 1975. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, ɗigonta dubu goma kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama zuba hoto ɗaya a kaset. A 1999 kamfanin Nikon ya fitar da D1 mai megafiksel 2.7, kuma da ita 'yan jarida a ƙasashe da dama suka yi ta ɗaukar hotunan da aka buga a shafin farko. In har miliyan uku ba kaɗan sun ishi babbar jarida, me ya sa miliyan 24 za su kasa isar falonka?

Daɗin daɗawa, akwai kyamarori marasa sanannen suna da suka cika kasuwa, waɗanda ake rubuta musu 48 ko fiye, alhali ainihin abin da suke kamawa bai kai kusa da haka ba. Na'urar da ke ciki ce take hura hoton, ta cike gurbi da ɗigogin ƙarya. Irinsu ce ta cuce ni.

FARANTIN HASKE

Abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne girman farantin haske, wanda masu gyara ke kira sansa. Shi ne ɗan farantin da ke can cikin kyamara, inda a da ake shimfiɗa fim, kuma a kansa haske ke sauka ya zama hoto. Misalinsa kamar tarar ruwan sama ne. Wanda ya ajiye daro da wanda ya ajiye ludayi, ruwa ɗaya aka yi musu, amma abin da suka tara ba ɗaya ba ne. In ana kwarara ruwa, watau da rana tsaka a fili, ludayi ma yana cika. Sai an koma yayyafi, watau cikin ɗaki ko bayan magariba, sa'an nan bambanci ke fitowa.

Ga girmansu. Ƙarami, wanda aka fi samu a ƙananan kyamarorin aljihu, tsawonsa milimita shida da 'yan kai ne, faɗinsa huɗu da rabi, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Sai wanda ake kira mai inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8. Sai na Panasonic da Olympus, milimita 17.3 da 13. Sai wanda ake kira APS-C, wajen milimita 23 da 15, wanda ya ninka ƙaramin nan fiye da sau goma. Babbansu shi ne mai girman fim ɗin da muka saba da shi, milimita 36 da 24, wanda ya ninka ƙaramin wajen sau talatin. Shi wannan babban, shi da idanunsa duk suna da tsada da nauyi, na masu sana'a ne. Ga mai sha'awa irinka, APS-C shi ne daidai ruwa daidai tsaki.

Wannan ne kuma ya kawo mu ga wata tambaya da ya kamata kowa ya yi wa kansa: shin wayar da ke aljihuna ba ta ishe ni ba? Ƙungiyar kamfanonin ƙera kyamara ta Japan ta nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarorin dijital fiye da miliyan 120, amma a 2023 ba su kai miliyan goma ba. Waya ce ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori, domin abin da suke yi ita ma tana yi. Saboda haka in kuɗinka ba za su wuce ƙaramar kyamara mai ƙaramin faranti ba, riƙe kuɗinka, wayarka ta wadatar. Kyamara tana cin kuɗinta ne a wurare uku da waya ke gazawa: wuri mai ƙarancin haske, abu mai nisa, da abu mai gudu. Kai kuwa, Malam, duka ukun ka ambata a wasiƙarka, ɗakin tsoho da dawakin Sarki.

IDO SHI NE KYAMARA

Na biyu shi ne idon kyamara, watau gilashin nan da ke gabanta, wanda masu sana'a ke kira lens. A jikin kowane ido za ka ga lambobi iri biyu. Na farko mai milimita ne, yana nuna faɗin abin da idon ke gani. Ƙaramar lamba, kamar 18, tana kwaso fili mai faɗi, babbar lamba kuwa, kamar 200, tana jawo nesa kusa. Na biyu shi ne wanda harafin f ke gabansa, yana nuna faɗin kafar da haske ke shiga. A nan sai a lura, domin abin a juye yake: gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin kafar.

Idon da aka saba sayar da kyamara da shi shi ne 18-55, kuma in ka jawo shi ƙarshe kafarsa ba ta wuce f/5.6. Akwai kuma wani ɗan ido mai sauƙin kuɗi wanda ba ya jawowa, 35 ko 50, mai kafa f/1.8. Hasken da wannan ke shigarwa ya kusan ninka na wancan sau goma. Da a ce irinsa ne a hannuna ran da na shiga ɗakin kakata, da yau hotonta yana rataye a ɗakina. Shi ne kuma ke fito da fuskar mutum tangaran ya dusar da abin da ke bayansa, irin hoton nan da mutane ke gani su ce lalle ƙwararre ne ya ɗauka. In ɗakunanku ƙanana ne, 35 ya fi, domin a kan faranti APS-C ido mai 50 yana matse fili, sai ka ja da baya har ka jingina da bango mutum bai gama shiga ba.

Game da dawaki kuwa, sai ka nemi ido mai jawowa, irin su 55-250 ko 70-300, ka kuma sa ƙyauren kyamara ya ƙifta cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, in ba haka ba doki mai sukuwa zai fito kamar hayaƙi. Kada kuma wani ya ruɗe ka da jawowar dijital. Wannan yanke tsakiyar hoto ne kurum a hura shi, ba ta ƙara kome. Jawowar gilashi ita ce ta gaskiya.

Akwai wani abu kuma da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa kullum muna fama da shi, watau baƙin mutum cikin farar babbar riga da rana tsaka. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara in ya ga fari ya yi yawa sai ya rage haske, rigar ta fito, fuskar ta nutse. Saboda haka ka tabbata kyamarar da za ka saya tana da maɓallin ƙari da ragi na haske a inda yatsa zai kai da sauri, kuma tana iya ajiye hoto a tsarin RAW, wanda ke ba ka damar fito da fuska daga duhu a kwamfuta ba tare da rigar ta ƙone ba. Babban faranti ya fi iya riƙe fari da baƙi a hoto guda.

MAI MADUBI KO MARAR MADUBI

Kyamarorin da ake canja wa ido iri biyu ne. Akwai mai madubi, wadda ake kira DSLR, mai ɗan madubi a ciki da ke tura maka hoto zuwa inda kake leƙawa. Akwai kuma marar madubi, wadda Panasonic ya fara fitarwa a 2008. A 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbin jerinsu na marasa madubi, watau R da Z, kuma tun 2020 ba su sake fitar da sabuwar mai madubi ba. Marar madubi ta fi sauƙin nauyi, tana nuna maka yadda hoto zai fito tun kafin ka danna, sababbinsu kuma suna gane idon mutum su bi shi da kansu. Ita ce kyamarar gobe, babu shakka.

Amma fa wannan sauyi ya yi wa talaka rana. Masu hali a Turai da Amurka sun yi ta sayar da tsofaffinsu masu madubi da idanunsu, sun cika kasuwar kayan hannu, farashinsu ya sauko. Tun da darajar naira ta faɗi bayan an saki farashinta a watan Yunin 2023, sabuwar kyamara ta fi ƙarfin ma'aikaci da yawa, saboda haka babu abin kunya a sayen ta hannu. Har wa yau mai madubi tana da wata falala da ta dace da ƙasarmu, watau riƙe batir. Bisa ma'aunin kamfanonin, Nikon D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, alhali Sony a6000, wadda ba ta da madubi, wajen 360 take yi. Wanda zai kwana uku a ƙauyen da ba wuta ya san darajar wannan. Su kuma marasa madubi da yawansu ana iya yi musu caji da abin ajiyar wuta irin na waya, sai dai a tambaya kafin a saya.

Tarko biyu zan nuna maka a nan. Na ɗaya, Canon yana da wani jeri marar madubi mai harafin M wanda ya daina ƙerawa a 2023, kuma idanunsa ba su hawa jerin R. Kyamarorin suna da kyau, amma ka sani hanya ce da ta ƙare. Na biyu, ƙananan Nikon irin su D3500 da D5600 ba su da injin juya ido a jikinsu, saboda haka tsohon ido mai 50 wanda sunansa ya ƙare da harafin D ba zai saita kansa a kansu ba, sai mai harafin G. Mutane da yawa sun saya don araha sun dawo suna cizon yatsa.

KADA KA YI CINIKIN BIRI A SAMA

In ta hannu za ka saya, je da kanka, ka tafi da katin memori naka, in da hali ka ɗauki wani mai hoto da ka amince da shi. Ga abin da za ku duba.

Da farko ku nemi sanin sau nawa ƙyauren ya ƙifta, domin shi ma yana da iyaka kamar yadda mota ke da mil. Ƙananan kyamarori an ƙiyasta musu wajen ƙiftawa dubu ɗari. A Nikon lambar tana cikin bayanan da ke maƙale da kowane hoto, a wasu kuwa sai an haɗa da kwamfuta. Wadda ta yi dubu goma sha biyar yarinya ce, wadda ta yi dubu casa'in kuwa ta sha jiki a gidajen biki. Na biyu, ku matse kafar ido zuwa f/16, ku ɗauki farin bango ko sararin sama, ku faɗaɗa hoton. Ɗigon ƙura ana iya share shi, amma in kun ga layi ko ƙarzuwa, ku ajiye ta. Na uku, ku cire idon ku haska tocila ta cikinsa. In kun ga wani abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce, tana cin gilashi, kuma gyaranta wuya gare shi. Na huɗu, ku danna kowane maɓalli, ku gwada filasha, ku duba ko batir ya kumbura. Na ƙarshe, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar da sunan mai sayarwa, don kada wata rana a ce kayan sata ne a hannunka.

Katin memori ma akwai na jabu, wanda za a rubuta masa babban ciki alhali ƙarami ne. Sai ya cika ya riƙa cinye hotunan farko ba ka sani ba. Kafin ranar biki ka cika shi maƙil da hotuna, ka juye a kwamfuta, ka buɗe ka ga duk suna nan.

Kai da kake zaune a Fatakwal kana zuwa Katsina, abokan gaba biyu gare ka. A kudu laima ce ke haifar da fumfunar nan, maganinta kuwa shi ne ka ajiye kyamara a cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi, ka kuma riƙa fito da ita tana shan iska. A arewa kuwa ƙurar hunturu ce. Kada ka canja ido a fili ana iska. Shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka yi maza. Kada kuma ka goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar nan yashi ce, karce shi za ta yi. A fara hure ta da 'yar robar hura iska tukuna.

AMSARKA A TAƘAICE

To, Malam, ga shawarata. Kada ka zuba kuɗinka duka a jikin kyamara. Raba su uku: kashi biyu ga jiki da idon da ya zo da shi, kashi ɗaya ga ido mai f/1.8, da batir na biyu, da katin memori biyu, da jaka. Nemi mai faranti APS-C. In ta hannu ce, irin su Nikon D3500 ko D5600, ko Canon 2000D ko 250D, duk megafiksel 24 gare su, kuma kowacce za ta yi maka abin da kake so. In adashin ya yi auki, marar madubi irin Canon R50 ko Nikon Z50 ta fi gaba. Idon dawaki yana iya jira, ko ka yi aro, domin hawan Salla za a sake yin wani baɗi. Idon ɗakin tsoho shi ne ba ya jira. Ka kuma riƙe kyamarar a hannunka kafin ka biya, ka ji ko ta zauna, domin wadda ta yi maka nauyi a akwati za ta ƙare.

Kada kuma ka raina abin da ƙarfinka ya kai. Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan ƙasar nan da ya rasu a 2014, ya fara ne a 1950 da 'yar kyamarar Brownie da ya saya fam biyu. Daga 1968 ya dukufa ga ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara hotuna wajen dubu, waɗanda yanzu manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya suke alfahari da su. Naci da lura ne suka kai shi can. Saboda haka ka saya tun da sauran wata guda kafin tafiya, ka yi ta gwaji a kan 'ya'yanka a cikin ɗaki da dare, har yatsunka su san maɓallai ba sai ka duba ba. In ka isa gida, ka zaunar da Baba kusa da ƙofa ko taga inda haske ke shigowa ta gefe, ka ja shi da hira har ya manta da kai, sa'an nan ka ɗauka. Kafin ka baro garin ka faɗaɗa hoton ka duba idanunsa sun fito, ka kuma ajiye shi a wuri biyu. In ka dawo ka wanke a takarda, ka aika wa 'yan'uwa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake ɗaukar taron biki da dare ba tare da filasha ta kashe wa mutane ido ba. A ci gaba da aiko da tambayoyi. Mu kwana nan.